Asibitin Queen Square da Tarihin Jinyar Farfaɗiya

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, matashin da ke fama da farfaɗiya a Ingila, wato ciwon da hargitsewar saƙonnin ƙwaƙwalwa ke haddasawa, sau da yawa gidan masu taɓin hankali akan kai shi, wanda babban zalunci ne ga mai cikakken hankali. A shekarar 1860 aka buɗe asibiti na musamman domin masu shanyewar jiki da masu farfaɗiya a Queen Square da ke Landan, inda John Hughlings Jackson ya nuna cewa ciwon kan faro daga wani sashe na ƙwaƙwalwa. Bisa wannan fahimta ce Victor Horsley ya yi wa wani saurayi tiyata a 1886, ya cire tabon da ke tayar masa da ciwon.