Duwatsun Mandara: Yadda Tudu Ya Zama Mafaka

Duk wanda ya bi hanyar Mubi zuwa Gwoza, ta Michika da Madagali, zai ga jerin duwatsu a gabas suna raka shi har ƙarshen tafiya. Su ne Duwatsun Mandara. Tsawonsu ya kusa kilomita 200, a kan iyakar Najeriya da Kamaru, daga wajen kogin Binuwai zuwa kusa da garin Mora. Ba su da tsayi can sosai, domin ƙololuwarsu mafi tsawo, Oupay a Kamaru, ba ta kai mita 1,500 ba.

Ƙasar kashi uku ce: fili a gindi, gangare mai manyan duwatsu, sai kuma shimfiɗaɗɗen tudu a tsakiya, wajen Mokolo. Ruwan da ke sauka daga nan ya rabu biyu. Kogin Yedzaram ya yi arewa wajen Tafkin Chadi, Mayo Luti kuma ya gangara kudu zuwa Binuwai.

Wannan tsari shi ya raba tarihin mutanen. Fili na masu doki ne: daular Wandala, wadda ta zauna a Kerawa, Dulo da Mora, sai Borno, daga baya kuma Fulanin Adamawa. Doki kuwa ba ya hawa dutse. Shi ya sa Mafa, Kamwe, Glavda da sauransu suka riƙe sama don tsira daga masu kama bayi. Har a farkon ƙarni na 20 Hamman Yaji na Madagali yana kai musu hari, kamar yadda littafin da ya sa aka riƙa rubuta masa ya nuna, kafin Turawa su tuɓe shi a 1927.

Zaman dutse ya koya musu dabara. Suna jera duwatsu su yi gajerun katangu a gangare, gonaki su zama hawa-hawa kamar matakala, ƙasa da ruwa ba sa gudu. Sa kan zauna a ɗaki, takinsa ya tafi gonar dawa da gero. Sukur ta shahara da narka ƙarfe da gidan sarkinta, Hidi, kuma a 1999 ta zama wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya.

Dutsen bai zaɓi wanda zai ɓoye ba. Sojojin Jamus sun dake a dutsen Mora daga 1914 zuwa 1916. A zamaninmu, Boko Haram ta kama Gwoza a 2014, sojoji suka ƙwato ta a 2015, mayaƙan suka hau sama, manoman suka sauko sansanonin gudun hijira.

Katangar gona tana son gyara kowace shekara. In babu mai ita, damina kaɗan ta isa ta wanke aikin kakanni. Allah Ya dawo da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gonarsa.