Tarihin Karatu da Ingilishi a Jami'o'in Ƙasar Holan

Tun sa'ad da aka kafa Jami'ar Laidin a shekarar 1575, harshen Latin ne malaman ƙasar Holan ke ba da darasi da shi, kuma ba a sauke masa wannan wajibci ba sai da dokar ilimi mai zurfi ta 1876 ta zo, harshen Holanci ya samu kujerarsa a zauren ilimi. Bai cika ƙarni guda da rabi a kanta ba Ingilishi ya fara neman ture shi.

A ƙarshen 1989 ministan ilimi Jo Ritzen ya ba da shawarar a yawaita koyarwa da Ingilishi, jama'a suka yi masa ca, har dokar da ta biyo baya ta shar'anta cewa Holanci ne asalin harshen koyarwa, sai fa inda lalura ta sa. Ta wannan kafa ta lalura Ingilishi ya shiga, musamman bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999, wadda ta daidaita tsarin digiri a Turai, har aka wayi gari galibin darussan digiri na biyu da shi ake yin su.

Su kuwa ɗalibai, waɗanda al'amarin ya fi shafa, ra'ayinsu ya rabu. Da yawansu sun yi maraba, domin sun ga ƙofar aiki a ƙetare da albarkar cuɗanya da baƙi. Amma kuma sun koka da raunin Ingilishin wasu malamai, wanda suke yi wa laƙabi da Ingilishin kwal, da cunkoson azuzuwa, da ƙarancin masauki, wanda a 2018 ya kai ga baƙin ɗalibai kwana a tantuna a birnin Groningen. A wannan shekarar ta 2018 ce wata ƙungiyar masu kishin ilimi ta kai jami'o'in Twente da Mastirik kotu, ba ta yi nasara ba. Daga baya minista Robbert Dijkgraaf ya gabatar da ƙudurin dokar daidaita lamarin.

Jigon muhawarar, wanda ya cancanci a yi masa nazari da natsuwa, shi ne cewa likita da alƙali da malamin makaranta da harshen jama'arsu za su yi musu hidima, kuma harshen da aka daina bincike da wallafa da shi, sannu a hankali kalmominsa na ilimi kan ƙafe, har ma'abotansa su rasa abin da za su fahimtar da 'yan'uwansu da shi.