Yadda Ƙaramar Kwamfuta Ta Zama Ɗan Aiken Malaman Alƙahira

Kafin ƙananan kwamfutoci su yawaita, injin mai ƙwaƙwalwa abu ne na hukuma da manyan jami'o'i. Akan girke shi a ɗaki mai sanyi, masu aiki da shi kuma suna zaune nesa, kowa a gaban wata na'ura da ake kira taminal. Ita dai wannan na'ura allo ce da madannai kawai, ba ta lissafin komai. Aikinta na ɗan aike ne: ta kai saƙo wurin babban injin, ta komo da amsa. Wadda ta fi shahara ita ce VT100, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978.

Haruffa kuwa sukan bi waya ne a jere, ɗigo bayan ɗigo, tamkar ayarin raƙuma a kan siririyar hanya, bisa wata ƙa'ida mai suna RS-232. Kowane harafi yakan ci ɗigo 10. Saboda haka layin da ke ɗaukar ɗigo 300 a daƙiƙa sai ya shafe fiye da minti ɗaya kafin ya cika allo mai haruffa 1,920, amma mai ɗaukar 9,600 yakan gama cikin daƙiƙa 2. Wannan shi ne abin da mutanen wancan zamani suke kira gudu.

Da Apple II ta fito a 1977, IBM PC kuma ta biyo baya a 1981, sai masana suka lura cewa ƙaramar kwamfuta tana iya yin shigar burtu, ta nuna wa babban injin cewa ita taminal ce. A 1981 ɗin ne Jami'ar Kolombiya da ke Niyok ta ƙago manhajar Kermit, wadda ta bazu a jami'o'in duniya. Riba biyu ke nan: ba sai an sayi na'ura ta dabam ba, kuma abin da ya sauka a allo ana iya adana shi a faifai. Sai dai gudun yana da iyaka. Ɗan guntun da ke karɓar saƙo a IBM PC ta farko harafi ɗaya tak yake riƙewa, in ba a ɗauke shi da wuri ba, na baya ya taka shi, rubutu ya fito da giɓi. An rage wannan wahala da aka ƙera wani mai riƙe haruffa 16.

A Masar, al'amarin ya wuce sha'awar injuna. Malamin jami'a a Alƙahira yakan jira makonni kafin amsar wasiƙarsa ta zo daga Turai. A 1989 Majalisar Ƙoli ta Jami'o'in Masar ta haɗu da EARN, hanyar sadarwar jami'o'in Turai, ta wani injin VAX na kamfanin DEC. Tun da yake irin wannan injin ya saba da harshen VT100, duk ƙaramar kwamfutar da ta kwaikwaye ta tana iya shiga, ko ta waya kai tsaye ko ta layin tarho. A watan Oktoba na 1993 ƙasar ta shiga intanet ta layi guda zuwa Faransa, mai ɗaukar ɗigo 9,600 a daƙiƙa. Wato gudun da ya dace da allo ɗaya, shi ƙasa baki ɗaya ta yi tarayya a kai. Cikin waɗanda suka yi wannan hidima akwai Tarik Kamil, wanda ya zama ministan sadarwa a 2004.

Sauran ƙalubale shi ne harshe. An gina taminal ne domin haruffan boko, alhali Larabci daga dama yake farawa, kuma siffar harafi takan sauya gwargwadon mazauninsa a kalma. An fitar da ƙa'idar haruffan Larabci ta ƙasa da ƙasa a 1987, kamfanin Sakhr kuma, wanda ya tashi daga Kuwait zuwa Alƙahira bayan mamayar Iraƙi ta 1990, ya ba da himma wajen koya wa kwamfuta Larabci.

Zuwan shafukan intanet masu hotuna ya tura wannan dabara gefe, amma ba ta mutu ba. Har yau injiniya yakan jona kwamfutarsa da na'urar sadarwar da ta ƙi tashi, kuma sau da yawa gudun da yakan zaɓa shi ne 9,600 ɗin nan.