Takarar CCD da CMOS a Kasuwar Kamara Mai Rahusa

A watan Agustan 2003 kamfanin Canon na Japan ya fito da EOS 300D a kan dala 999 har da gilashinta. Ita ce kamarar dijital ta farko, irin mai madubi da ake sauya wa gilashi, wato DSLR, da farashinta ya sauko ƙasa da dala 1,000. Shekara huɗu kafin nan, Nikon D1 ta haura dala 5,000, alhali megafiksil 2.7 kawai take ɗauka. A lokacin, babu abin da ya kai sensa tsada a cikin irin wannan kamara, wato ɗan farantin silikon da ya maye gurbin fim. Wanda duk ya karya farashin sensa, to ya karya na kamara.

Fasahohi biyu ne suka kara. Ta farko ita ce CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs na Amurka a 1969, har ta jawo musu lambar Nobel a 2009. A cikinta, kowane fiksil yana tara cajin da haske ya haifar, sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba, kamar leburori na miƙa kwanon kankare ranar zuba dakin, har cajin ya isa mafita a auna shi. Da yake ma'auni ɗaya ke auna kusan kowa, hoton yakan fito tas, sai dai aikin yana da nawa da cin batir. Ta biyu ita ce CMOS, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a cibiyar JPL ta hukumar NASA a farkon shekarun 1990. Nan kowane fiksil yana da tasa 'yar na'urar ƙara ƙarfin sigina. Ba ta cin wuta sosai, amma da yake na'urorin ba sa zama daidai da juna, hoto yakan fito da ɗigo-ɗigo, shi ya sa aka daɗe ana yi mata kallon kayan arha. Canon ya yi kasada da ita tun a 2000 a kamarar D30, bayan ya samo hanyar rage ɗigon a kan farantin kansa, kuma a masana'antarsa yake ƙera ta.

Nikon ya mayar da martani a farkon 2004 da D70, mai CCD na megafiksil 6.1 ƙirar Sony. Irin wannan sensa na Sony ne a cikin Pentax *ist D da Konica Minolta 7D. Ke nan gasar da ake gani ta kamfanoni da yawa ce, a zahiri ta masana'anta biyu ce: Canon da ke ƙera wa kansa, da Sony da ke sayar wa da dama daga cikin sauran. A ganina, kuskure ne a ce CMOS ta yi nasara don ta fi fitar da hoto mai kyau. A matakin megafiksil shida, kusan kunnen doki aka yi. D70 ma tana da abin da 300D ba ta da shi, domin CCD ɗinta yana iya yanke haske da lantarki, har a yi aiki da filasha a saurin 1/500 na daƙiƙa.

Girman faranti shi ma ya shiga lissafi. Daga faifan silikon guda ake yanko sensa da yawa, kuma tabo ɗaya ya isa ya lalata sensa sukutum. Mai girman fim, milimita 36 da 24, ya ninka na APS-C, wato irin girman da ke cikin 300D da D70, fiye da sau biyu a fili, don haka kaɗan ake samu daga faifai, masu lalacewa kuma su yi yawa. Shi ya sa Canon 5D ta 2005, mai sensa girman fim, ta haura dala 3,000. Olympus ya bi wata hanya, ya ƙanƙanta faranti zuwa milimita 17.3 da 13, yana sayen CCD daga Kodak. Ya sami sauƙin nauyi, ya sha wuya a duhu. Sensa Foveon mai hawa uku da ke cikin Sigma SD9 ta 2002, da Super CCD na Fujifilm, sun burge masana amma ba su kama kasuwa ba.

Sauri ne ya kayar da CCD. Da masu saye suka fara neman ganin hoto kai tsaye a allon baya, daga bisani kuma bidiyo, sai aka buƙaci a karanta faranti sau da yawa a daƙiƙa ɗaya ba tare da ya ɗauki zafi ba. Babban CCD bai dace da wannan aiki ba. Sony da kansa ya juya ga CMOS a 2007 da sensa Exmor a kamarar A700, inda kowane layin fiksil na tsaye ya sami na'urarsa ta mayar da sigina zuwa lambobi a kan farantin. Nikon D90 ta 2008, mai CMOS, ita ce DSLR ta farko da ta ɗauki bidiyo. D3000 ta 2009 ita ce DSLR ta ƙarshe mai CCD daga Nikon, magajiyarta D3100 ta zo da CMOS a 2010.

Abin mamaki, Canon da ya buɗe hanyar bai riƙe gaba ba. A 2010 sensa mai megafiksil 16 na Sony, a cikin Nikon D7000 da Pentax K-5, ya zarce na Canon wajen fito da abin da ke ɓoye a inuwa ba tare da hoto ya ɓaci ba. Canon kuwa ya ci gaba da zuba sensa mai megafiksil 18 a ƙananan kamarorinsa tun daga 550D ta 2010 har 4000D ta 2018, domin wanda ya zuba jari a masana'antarsa ba ya saurin sauya injin. Kodak ya sayar da sashen sensa nasa a 2011, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairun 2012. A 2015 Sony ya sanar da masu sayen kayansa cewa zai daina ƙera CCD.