Agoguna uku da na fi so a bana, da ranar da ta raba tarihin agogo gida biyu

Ga waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba.

Tun da shekara ta zo ƙarshe, wasunku sun yi ta tambayata: cikin tsofaffin agogunan da ka saya a bana, wanne ne ya fi kwanta maka a rai? To, guda uku na ware. Babu Rolex a ciki, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na wayar da wasunku ke karanta wannan rubutu da ita ba. Na zaɓe su ne saboda labarinsu ya haɗu a rana guda, 25 ga Disamba 1969. Ku riƙe wannan ranar a zuciya, za mu iso gare ta.

Bari mu fara da yadda tsohon agogo ke aiki, don na san da yawanku agogo mai batir kuka tashi kuka gani. Agogon da babu batir. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe, wato sifirin. In ka murza kan agogon, abin da muke cewa yi masa wani, ka ɗaure sifirin ɗin ke nan. Shi kuma sai ya riƙa warwarewa a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora. Akwai wata 'yar ƙafa da ke kai da komowa, tana bugu sau 5 ko 6 a kowane sakan, ita ke hana sifirin ya warware a lokaci guda. Wannan tik-tik da kake ji in ka kara agogo a kunne, ita ce ke aiki. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskar agogo kuwa, yakutu ne na haɗi da ake sawa a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe don kada ya cinye.

Agogo na farko shi ne West End, samfurin da ake kira Sowar, ƙirar shekarun 1950, mai wani da hannu. A wurin wani dattijo mai gyaran agogo na same shi a Kano, yana kwance cikin gwangwani tare da 'yan uwansa da masu su ba su dawo sun karɓa ba.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, namiji a Turai agogon aljihu yake riƙewa. Na hannu ana masa kallon kayan adon mata ne. Yaƙin 1914 zuwa 1918 ne ya canza wannan. Soja yana cikin rami, hannu ɗaya da bindiga, an ce za a kai hari da ƙarfe kaza daidai, ina ya ga sukunin laluben aljihu? Sai aka riƙa maƙala wa agogo kunnuwa ana zura fata ana ɗaurawa a hannu. Da aka gama yaƙi sojoji suka koma gida da abinsu a hannu, magana ta ƙare.

West End kamfanin Suwizalan ne, amma tun 1886 kasuwar Indiya ya sa a gaba, daga birnin Bombai. Kalmar Sowar ma daga can take, sunan sojan doki ne a rundunar Indiya ta zamanin mulkin Ingila. Sojojin wannan runduna sun shiga Iraƙi a lokacin yaƙin da waɗannan agoguna a hannunsu, kuma sunan West End ya samu gindin zama a ƙasashen Larabawa har bayan yaƙin da daɗewa.

Akwai gargaɗi a kan agogo mai shekaru irin wannan. In kun ga lambobinsa da hannayensa an shafa musu wani fenti da ya koma ruwan ƙasa, to a da yana haske ne a duhu, kuma har zuwa shekarun 1960 da sinadarin radiyom ake haɗa irin wannan fenti. A Amurka, a shekarun 1920, 'yan matan da ke shafa shi a masana'antun jihohin New Jersey da Illinois an koya musu su riƙa tsotse bakin burushi don ya yi tsini. Da yawansu ƙashin muƙamuƙinsu ya rube, wasu suka mutu. Ƙarar da suka kai tana cikin abubuwan da suka gyara dokokin kare lafiyar ma'aikata a ƙasar. Fentin ya daina haske tuni, amma shi radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Don haka kada ka buɗe irin wannan agogo a gida, kada ka hure ƙurarsa, kada ka bar yara su yi wasa da shi.

Agogo na biyu kowa ya san shi, ko da a hannun kakansa ne: Seiko 5.

Wani saurayi mai suna Kintaro Hattori ne ya buɗe shagon sayarwa da gyaran agogo a Tokyo a 1881. A 1892 ya kafa masana'anta, a 1913 ta fitar da agogon hannu na farko da aka ƙera a Japan. Girgizar ƙasar 1923 ta ƙone masana'antar, suka sake tashi, a 1924 sunan Seiko ya fara hawa fuskar agogo. Shi Seiko 5 a 1963 ya fito. Lambar 5 alƙawari biyar ne: yana yi wa kansa wani, yana nuna rana da kwanan wata a taga guda, yana jure ruwa, kansa a nutse yake wajen ƙarfe 4 don kada ya soki hannu, sannan jikinsa da sarƙarsa masu ƙwari ne. A cikinsa akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi ke ɗaure sifirin. Shi ya sa kuke ganin tsofaffi suna girgiza agogo da safe kafin su ɗaura.

Ga wani sirri da zai yi muku amfani. Ku juya bayan Seiko, akwai doguwar lamba. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ne: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, sai O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Nawa ya fara da 4N, injinsa kuma 6119 ne, wanda aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970. Ka ga ke nan Nuwamba 1974. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma har yanzu yana tafiya.

Abin da ya sa na fi son sa shi ne tagar ranar. Seiko kan buga sunayen ranaku da harshe biyu, gwargwadon kasuwar da za a kai agogon. Nawa Turanci da Larabci ne, wato don ƙasashen Larabawa aka yi shi. Irinsa ne alhazai ke sayowa tsaraba daga Makka da Jidda. Bahaushen da ya yi karatun allo ba ya buƙatar tafinta a nan, don Talata, Alhamis, Juma'a da Asabar duk daga Larabci muka aro su. Injiniyan Japan ya buga rana don Balarabe, sai ga shi malami a Zariya ko Damagaram na karantawa kamar don shi aka yi.

Yanzu mu zo kan ranar da na ce ku riƙe. Ran 25 ga Disamba 1969, wannan kamfani na Seiko ya fitar da wani agogo mai suna Astron a Tokyo, a kan yen 450,000, kusan kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Babu sifirin a cikinsa. Batir ne ke ba wani ɗan ƙanƙanin dutse, kwaz, wuta, shi kuma yana rawa da saurin da ba ya canzawa. A agogunan yau dutsen na rawa sau 32,768 a sakan guda. Me ya sa wannan lamba? In ka raba ta biyu sau 15 za ka dawo kan 1 cif, wato bugu ɗaya a kowane sakan. Agogo mai wani, ko mai kyau ne, yakan yi gaba ko baya da 'yan sakanni a kowace rana. Astron kuskurensa bai wuce sakan 5 a wata ba.

Kada ku ɗauka mutanen Suwizalan barci suke yi. Su ma suna da nasu injin na kwaz, Beta 21, wanda ya shiga kasuwa a 1970. Matsalarsu ita ce sun ɗauke shi kayan masu kuɗi, alhali Japan da Hong Kong sun duƙufa wajen mayar da shi kayan talaka. Cikin 'yan shekaru farashi ya faɗi warwas. A 1970 Suwizalan na da kamfanonin agogo wajen 1,600 da ma'aikata wajen 90,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin sun koma wajen 600, ma'aikata kuma ƙasa da 35,000. Garuruwan da uba da ɗa da jika duk agogo suke ƙerawa suka wayi gari babu aiki. Sai a 1983 aka fara farfaɗowa, lokacin da aka haɗe manyan rukunoni biyu, ASUAG da SSIH, bisa shawarar Nicolas Hayek, aka kuma fitar da Swatch, agogon roba mai batir mai sassa 51 kacal.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wannan ya kawo mu agogo na uku, HMT Janata, ɗan Indiya. Kamfanin gwamnati ne, ya fara ƙera agogo a Bangalore a 1961 da taimakon Citizen na Japan. Janata na nufin jama'a, kuma agogon jama'a ne da gaske: farar fuska, duwatsu 17, wani da hannu, babu wani ado. A Indiya shi ake ba yaro in ya ci jarrabawa, shi ake ba ango, shi ake ba ma'aikaci ranar ritaya. Har layi ake yi kafin a samu. A 1987 kamfanin Titan na rukunin Tata ya shigo da agoguna masu batir masu kyan gani. HMT ya yi nawa wajen juyawa, asara ta yi ta taruwa, a 2016 gwamnati ta rufe sashen agogon. In za ku sayi HMT ta intanet ku buɗe ido, domin yawancin masu kala-kalar nan, ja da kore da ruwan lemo, tsohon inji ne aka yi wa sabuwar fuska da fenti. Na asali bai cika hayaniya ba.

To, in batir ya yi nasara haka, ya aka yi agogo mai wani bai mutu ba? Ga labarin mutum guda. Kamfanin Zenith na Suwizalan ya fitar da wani inji a 1969, El Primero, mai bugu sau 10 a sakan. A 1971 wani kamfanin rediyo na Chicago ya sayi Zenith, a 1975 kuma aka ba da umarnin a daina injin wani, a sayar da kayan ƙirarsa a matsayin tsohon ƙarfe. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya roƙi shugabanni su dakata, ba su saurare shi ba. Sai ya riƙa kwashe kayan a ɓoye, da zane-zanen, yana yi wa kowanne lamba, yana hawa da su ɗakin saman masana'anta, ya toshe wurin. Da kasuwa ta sake neman agogo mai wani a shekarun 1980, sai ya nuna musu inda ya ajiye. Daga 1988 zuwa 2000, injin da ke cikin Rolex Daytona wannan El Primero ne da aka yi wa gyare-gyare. Da Vermot ya bi umarni, da an narkar da shi a kilo.

Wannan ne abin da nake son mu ɗauka daga shirin yau. Agoguna ukun nan sun kai bana ne saboda wani ya ƙi zubar da su, kuma akwai wani da ya iya buɗe su. A wajenmu na biyun ne ke cikin haɗari. Ku leƙa teburin masu gyaran agogo a kasuwar garinku. Wanda ya iya warware inji gaba ɗaya, ya wanke, ya ɗiga mai, ya mayar, yawanci za ku tarar furfura ta cika masa kai, kuma aikin da ya fi samu yanzu canjin batir ne da rage sarƙa. In ido ya gaza ko rai ya yi halinsa, ilmin ya tafi da shi, don ba a rubuce yake ba.

Saboda haka ga aikin gida. Ku tambayi Baba ko Hajiya ko akwai tsohon agogo a adaka ko ƙasan akwati. In kun samu, kada ku yi masa wani da ƙarfi, man cikinsa ya bushe. Kada ku sa shi a ruwa ko da an rubuta yana jure ruwa, robar da ke tare ruwan ta mutu tuntuni. Ku cire shi kafin alwala. Kada ku yarda a goge jikinsa da inji ko a sake masa fentin fuska, nan darajarsa take. Ku kai wa dattijon nan, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba, ku zauna ku kalli yadda yake yi. In akwai mai sha'awa a cikinku, ya nemi ya koya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku turo mana hoton gaba da bayan agogon da kuka samu, za mu taya ku gano shekararsa. A shiri na gaba za mu leƙa Tarayyar Sobiyat, mu ji yadda injiniyoyin garin Chistopol suka ƙera Vostok Amphibia a 1967, agogon da matsin ruwa ke ƙara toshe shi. Sai mun haɗu, Allah Ya sa mu ga sabuwar shekara lafiya.