Mashayar Black Friar da Dokar Lasisi a Zamanin Sarki Edward na Bakwai

Black Friar tsohuwar mashaya ce a titin Queen Victoria na birnin Landan, wadda aka gina a shekarar 1875 a wurin da zawiyyar ruhubanawan Nasara na ɗariƙar Dominikan take a da, kuma daga baƙaƙen alkyabbobinsu ta samo sunanta. Wajen 1905 aka sabunta ta bisa tsarin mai zanen gine-gine Herbert Fuller-Clark, aka ƙawata ta da marmara da siffofin ruhubanawa na tagulla.

Zamanin kuwa na jayayya ne matuƙa, domin masu wa'azin barin giya sun tsananta kira, har Dokar Lasisi ta 1904, ta gwamnatin Firaminista Balfour, ta halatta wa alƙalai soke lasisin duk mashayar da suka ga babu buƙatarta, bisa sharaɗin a biya diyya daga harajin da aka ɗora wa sauran mashayu. Da gwamnatin Firaminista Asquith ta nemi ƙara tsanantawa a 1908, sai Majalisar Dattawan Ingila ta yi watsi da ƙudurin.

Black Friar dai ta tsira, kuma a shekarun 1960 sha'iri John Betjeman ya jagoranci hana rushe ta, abin da ya cancanci yabo saboda darajar gininta.