Bikin finafinan Turkiyya a birnin Nürnberg

Tun a shekara ta 1992 aka fara gudanar da bikin nuna finafinan Turkiyya a birnin Nürnberg da ke kudancin Jamus. Ƙungiyar InterForum ce ke shirya bikin, wanda akasari kan gudana a watan Maris, inda ake nuna finafinan ƙasashen biyu tare da ba da lambobin yabo.

Bikin dai ya samo tushe ne daga zaman Turkawa a Jamus, wanda ya kankama bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata 'yan ci-rani da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1961. Daga cikin zuriyar waɗannan baƙi ne aka samu Fatih Akin, haifaffen Hamburg, wanda fim ɗinsa Gegen die Wand ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2004. A can gida Turkiyya kuwa, Nuri Bilge Ceylan ya karɓi kyautar ƙoli ta Cannes a 2014.

To sai dai zumuncin bai rasa ƙalubale ba. Tsakanin 2000 da 2005 'yan ta'addar NSU masu aƙidar Nazi sun kashe mutane uku 'yan asalin Turkiyya a cikin Nürnberg ɗin kanta, kuma an daɗe ana zargin dangin mamatan kafin gaskiya ta bayyana a 2011. Ta'asar wannan ƙungiya ce ta zaburar da Akin wajen shirya fim ɗin Aus dem Nichts a 2017.